Dogaye Duk A Gefe Ɗaya

Kwandon tumatir ne aka fasa wa gindi, aka kafa a jikin dalbejiyar makarantarmu a Bunkure, muke ƙwallon kwando da shi. Har yau ina jin warin ruɓaɓɓen tumatir ɗin nan.

Wata la'asar malamin wasanni ya raba mu biyu. Ya kwashe dogayen yaran, gwanayen duka, ya tara su gefe ɗaya, wai don mutanen gari su ga gwaninta. Mu gajeru aka ce mu tare su.

Ni na roƙi Kawu ya zo kallo, har ya bar ban-ruwan lambunsa rabi. Ya tsaya da laka a ƙafa, ana ta zura mana ƙwallo, mu ko taɓa ta ba ma yi. Can ya ja tsaki.

"Malam, ka juye ruwan duka a fangali ɗaya. Me za mu tsaya kallo?"

Ya saɓa fartanyarsa ya tafi, 'yan kallo suka bi bayansa.

Yanzu in na ga manyan 'yan wasa sun taru a ƙungiya ɗaya, kashe talabijin nake yi. Su je su ci kofinsu. Ni dai har Kawu ya rasu bai ga na jefa ko ɗaya ba.