Dillalin Riɗi da Sikelin Auna Kitse

Ka ga sikelin nan na zamani da ake takawa, ya aika wa wayarka yawan kitse da tsoka da ruwan da ke jikinka? Kana tunanin ko ya cancanci kuɗinsa? To, ji wannan misali kafin ka sa hannu a aljihu.

An yi wani dillalin riɗi da ya shekara ashirin yana zaune gaban sikeli a rumfarsa. Zama ya yi yawa, teɓa ta sauko, gwiwoyi suka ƙi ɗaukarsa, har ya koma yin salla a kan kujerar roba a gefen sahu tare da tsofaffi, shi da ko hamsin bai cika ba. Abin yana ci masa rai ƙwarai. Likita ya ce in yana son goshinsa ya sake taɓa ƙasa, sai ya rage ƙiba. Da yake mutum ne da ya yarda da awo, sai ya aika birni aka sayo masa sikelin nan mai haɗuwa da waya, ya ajiye shi daidai inda yake alwala. Yana gama alwala sai ya taka da jiƙaƙƙun ƙafafu, waya ta ce kitse ya ragu, shi kuwa ya sa a kawo masa tsire da lemo mai sanyi don murna. Da yamma ya dawo daga kasuwa da busassun dugadugai masu kaushi, ya sake takawa, waya ta ce kitsen ya dawo har da riba, sai ya ƙi cin tuwo yana ta huci. Bai san cewa sikelin ba ya ganin kitse ba. 'Yar wutar lantarki ce da ba a ji yake turawa ta tafin ƙafa, sannan ya yi kirdado, don haka laimar fata da ruwan da mutum ya sha duk suna juya masa lissafi. Wata uku yana hawa yana sauka, sau biyar a rana, kujerarsa na nan inda take.

Ana nan sai ya je wurin telansa awon kayan salla. Tela ya zagaya masa tef a ciki, ya ce awon bara ne, ko ɗigo bai motsa ba. Dillali ya zaro waya zai yi gardama, ya ba shi labarin hawa da saukar kitsensa. Tela ya yi dariya har tef ya faɗi, ya ce, "Haba Alhaji, kai da in an kawo maka riɗi da laima kake cewa a je a shanya tukuna, shi ne kake auna kanka a jiƙe? Kuma a ina ka taɓa ganin buhun da ya ragu don an yawaita ɗora shi a sikeli?" Maganar ta shige shi. Daga ranar ya mai da awo sau ɗaya a mako, safiyar Juma'a, ƙafa a bushe, kafin karin kumallo. Ya jingine babur ya riƙa zuwa kasuwa a ƙasa, a hankali, yana hutawa a gindin durumi, maƙwabta na tsokanarsa ko man fetur ne ya gagara. Malmala biyu ta koma ɗaya, lemo ya koma ruwa. Sai ga lambar waya ta daina rawa, ta fara gangarowa sannu-sannu. A wata na bakwai tela ya rage masa ƙugun wando. Wata la'asar kuwa ya shiga masallaci, ya wuce tsofaffin nan ya tsaya a sahun farko, ya durƙusa da gwiwoyinsa ya kai goshi ƙasa. Da aka sallame, jama'a suka yi ta miƙo masa hannu kamar ango.

Saboda haka in kana da hali ka saya, shaida ne mai amfani in an san lokacin tambayarsa. In ba ka da shi, tef ɗin tela ma ya ishe ka. Amma ko wanne ka zaɓa, gobe da safe ka sa takalmi ka taka zuwa wurin aikinka, don Hausawa sun riga sun faɗa: zomo ba ya kamuwa daga zaune.