Ƙafar da Ta Ƙi Takawa

Na dawo daga famfo da hantsi, sai na tarar da uwar mijina tsaye bakin randa tana shan ruwa, ba sanda, ba mai riƙe ta.

Wata huɗu ke nan da aka yi mata aiki a Diffa, aka sa ƙarfe a kwatangwalonta da ya karye ranar da muka gudo daga ƙauyenmu na bakin Komadugu. Tun ran nan ɗanta ke ɗaga ta, shi ke juya ta. Da ya ce ta gwada takawa sai ta fasa ihu. Abokansa sun koma noman tattasai bakin kogi, biyu ba su dawo ba. Shi kullum cewa yake, "Inna na miƙewa zan bi su."

"Inna! Ashe kina tafiya?"

Ta saki moɗar, ta dafa bango.

"Rufa mini asiri, 'yar nan."

"Lokotoron da ya yi miki aikin ya ce in ba ki takawa kullum, ƙafar za ta sandare har abada."

"Na ji shi. Ta sandare ɗin." Ta kama hannuna. "Ranar da mijinki ya gan ni tsaye, ranar zai kama hanyar kogi."

Muka ji sallamarsa a ƙofar gida. Na dube ta, ta dube ni.

Da hannuna na kwantar da ita, na ja mata zane.