Tsamiyar Malama Ladidi

Tun da zafi ya hana yaran Nguru fita da rana, ta allon bango mai kama da talabijin ake karatu, kowa daga ɗakin uwarsa. Sai kuma aka kawo inuwa, wata na'ura mai aron fuskar yaro da muryarsa, ta zauna masa a aji shi yana can yana barci. Ajin da aka rasa ɗan mutum a cikinsa kuwa, rufe shi ake yi.

Malama Ladidi ta dubi fuskoki talatin a allonta. Babu mai hamma, babu mai tsokanar wani. Anya ba duk inuwa ba ce?

"Yau ba lissafi," in ji ta. "Kowa ya ruga kicin ya ɗauko tsamiya ya lasa. Wanda ya fi ɓata fuska shi ne sarkin aji."

Kafin ta rufe baki fuskokin sun yamutse lokaci guda, kamar an ja su da zare ɗaya. Kujera guda ce kawai ta zama wayam. Can sai ga Tasalla, ƙaramar cikinsu, ta dawo tana haki.

"Malama, Inna ta ce ta kunun gobe ce, da ƙyar ta gutsuro min."

Ta lasa, ta runtse ido, miyau ya dalalo mata. Malama ta yi dariya har da hawaye. Tasalla ba ta yi ba, sai ta matso kusa da allon.

"Malama, don Allah ke ma ki lasa in gani."

Malama Ladidi ta miƙe, ta ruga kicin ko takalmi babu.