Motar Baba da Man Gyaɗa

Ranar da maciji ya sari ƙanwata Hadiza a gonarmu ta Gangara, Baba ya rantse ba za a ɗora 'yarsa a amalanke ba, shi da yake da mota. Wata tsohuwar akwala ce da ya saya hannun wani Anasara. Injinta ma ba fiston, wani abu ne ke juyawa a ciki kamar dutsen niƙa.

Muka kama hanyar likitar Tanut, wato asibiti, ni da shi da Inna da Hadiza. Ko ya taka totur har ƙasa, sai motar ta yi tari, ba ta wuce tafiyar jaki. Ya tsaya, ya goge buji mai ba injin wuta, ya hura nan, ya buga can. Sannan ya cire tiyon isansi, wato fetur, ya miƙo mini.

"Kai, tsotsa."

Na tsotsa. Wani abu mai kauri, mai warin ruɓaɓɓen ƙuli-ƙuli, ya cika mini baki. Na durƙusa ina amai.

Inna ta leƙo, ƙafar Hadiza a cinyarta. "Malam, me ka zuba mata?"

"Anasaran ya ce injin nan sai ana haɗa masa mai cikin isansi. Na sa na gyaɗa. Mai ai mai ne."

Haka ya faɗa, ko kunya babu. Har yau in na tuna maganar nan sai na tofar da yawu.

Sai la'asar wani makiyayi ya ɗauki Hadiza a raƙuminsa zuwa Tanut. Ta rayu, amma a Damagaram aka yanke ƙafar.