Faranti Mai Ramuka a Gaban Dutsen Wasa

Tanimu, kafin ka ce wa yayanka ya tattara nasa ya bar maka shago, zauna in ba ka wani misali.

An yi wasu 'yan'uwa biyu masu zubin tukwanen alminiyum, suna kuma wasa wuƙaƙe da inji. Ƙanen gwani ne, zubinsa sumul, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji ƙara rau. Wan kuwa, Allah sarki, hannunsa bai faɗa ba. Iska takan shige masa cikin narkakken ƙarfe, abin ya fito da 'yan ramuka kamar soso. Halinsa ma haka yake, a zage shi ya haɗiye. Mai ciniki ya zo da faɗa, shi ke tararsa. Ubansu ya hasala, a kansa ake saukewa. Wani farantinsa da ya lalace ya kafa a gaban dutsen injin wasa wuƙaƙen don tare ɓaraguzai. Ƙanen ya ga wannan abin kunya ne a ƙofar shago. Ran nan ya ɓamɓare shi, ya sa nasa mai kauri mai sheƙi, ya bi wansa da baƙar magana. Wan ya tattara kayansa. Ya ɗauki jakarsa ya shiga mota, ko sunan garin da za shi bai faɗa ba.

Ba a daɗe ba dutsen ya fashe yana tsakar gudu. Guntunsa ya daki sabon farantin. Ko lotsawa bai yi ba, amma bugun ya ratsa shi, ya ɓallo ƙarfe ta baya, sai a idon ƙanen. Da ya warke da ido ɗaya, ya tono tsohon farantin cikin tarkace. Wayyo! Fuskar farantin duk a lotse, gutsattsarin dutse a nutse ciki, ramukan nan sun murƙushe sun shanye bugu, bayansa kuwa lafiya lau. Ashe shekara da shekaru ana jifa, ba ya isowa gare shi. Ya yi ta ƙoƙarin zuba irinsa, hannunsa ya ƙi, kullum sumul yake fitowa. Ya tsufa yana zuwa tasha yana kwatanta wa direbobi kamannin wansa. Wallahi kewa ta cinye mutumin nan. Har ya rasu farantin na rataye a ɗakinsa, yana shafa shi yana cewa, "Yaya."

To, Tanimu, naka yayan ga shi can yana hura wuta, bai tafi ba tukuna. Hausawa dai sun ce da na sani ƙeya ce, a baya take.