Jar Ƙasa a Ɗakin 'Yan Aladu

A wani ƙauye na kudancin Kaduna an yi wata mata mai kiwon aladu, tsabta kamar ta wanke ruwa. Da tamatar aladenta ta kusa haihuwar fari, sai ta sa aka daɓe ɗakin aladen da siminti, don a ganinta ƙazanta ce ke hana aladun maƙwabta ƙiba. Tamatar ta zubo 'ya'ya tara, matar nan ta ɗauki son duniya ta ɗora musu. Surukarta, wata tsohuwa da ido ya fara gudu, kullum da safe sai ta dogara sandarta ta je bayan gari, ta ɗebo jar ƙasa a haɓar zane ta zube musu a kusurwa. Matar ba ta iya yi wa babba musu, saboda haka sai ta bari tsohuwa ta juya baya, ta sa tsintsiya ta share, ta bi da ruwa.

A mako na uku kunnuwan 'yan aladun suka yi fari fat, suka kama haki ko gudu ba su yi ba. Wanda ya fi duka girma, wanda take nuna wa baƙi, shi ya fara mutuwa, a kan cinyarta. Biyu suka bi shi. Ta yi kuka ƙwarai, don ba ta ga inda ta gaza ba. Malamin dabbobi ya zo ya duba dasashinsu ya ce jini ne babu. Ya ce ɗan alade da guzurin sinadarin ƙarfe mai ƙara jini kaɗan yake zuwa duniya, nonon uwa ba ya cike gurbin, ga shi girmansa da sauri; a ƙasa yake tonon sauran da hancinsa, in ba allura aka yi masa ba. Ya yi wa shidan allura ya tafi.

Washegari tsohuwa ta fito da sandarta, sai ta tarar da matar a bakin ƙofa riƙe da kwando, kanta a sunkuye. Ta ce, "Mama, ni nake share ƙasar."

Tsohuwa ta ce, "Na sani, 'yata, ina jin ƙarar tsintsiyar. Riƙe min hannu mu je."

Shidan sun rayu, hancinsu ja jawur. Amma duk ranar da ta ƙirga su, sai ta ƙirga har tara a zuci. Shi ya sa Bahaushe ya ce garin neman ƙiba aka samo rama.