Hukuncin Ticha Amissah a Kan Fufu

Ƙwayoyin haruffa huɗu Sista Ekuwa ta jera a kan allon Sikirabul, wasan haɗa kalmomin Turanci, ta jingina da kujera. Fufu ta rubuta.

Mista Dadzie, tsohon magatakardan kotu, ya dubi kalmar kamar an zuba masa miya a kan kwat.

"Sista, nan wurin Turanci ne, ba kicin ba. Wane Bature kika taɓa gani da taɓarya? Ban yarda ba."

Wasan ƙarshe ne, kuma wanda ya ci shi zai wakilci kulob ɗin Sekondi a gasar Accra. Shekara biyu Ekuwa tana roƙon abokan aikinta a asibiti su riƙe mata ranar Asabar don ta zo nan, kuma mace ba ta taɓa kaiwa inda ta kai ba. In kalmar ta zauna, ta ci. In aka cire ta, Dadzie zai zubar da sauran ƙwayoyinsa ya tashi da nasara.

Mutanen kulob ɗin nan sai ka gan su. Dattawa ne masu ɗaure wuya da laktaye a tsakiyar zafin rana, ƙarƙashin bishiya, bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Ba sa wuce motar haya sai sun gyara rubutun bayanta. Ko takardar jana'iza aka miƙa musu, kuskure suke fara nema kafin su duba wa ya mutu. Sun taɓa cinye Asabar uku suna musu a kan harafi ɗaya, har wasu biyu suka daina gaisawa a coci.

Abu ɗaya ne ke kashe musu a cikinsu, shi ne bakin Ticha Amissah. Shekara arba'in ya yi yana koyar da Turanci, rabin masu laktayen nan ya zane su da bulala, har yau in ya yi gyaran murya sai su gyara zama. Yana da teburinsa a gefe, da baƙin tabarau, da ƙaton ƙamus ɗinsa da aka naɗe cikin takardar siminti. Matarsa, Anti Araba, ke kawo shi kowace Asabar hannu cikin hannu, ta sa masa kofin shayi a tafin hannu, ta zauna a bayansa. Ana tsokanarsu da ango da amarya, ita dai murmushi take yi.

Dokokinsa biyu ne. Ba a fito da waya a wurin wasa, don a cewarsa waya ce ta kashe Turanci. Sannan mai ƙara zai miƙe ya faɗi kalmar da ƙarfi, harafi bayan harafi, kowa ya ji. Sai Ticha ya buɗe littafi, ya ja yatsa, ya ce akwai ko babu. A shekarun nan hukuncinsa ya ƙara sauri, abin da ya ƙara masa kwarjini. Dadzie har da littafin aljihu, inda yake rubuta duk kalmar da Ticha ya halatta, yana haddacewa saboda Accra.

Dadzie ya miƙe ya karanto haruffan yana yatsina fuska. Ticha ya lashi yatsa, ya buɗe, ya bi layi biyu da yatsan.

"Babu."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce gobe sai ta kawo musu miyar gyaɗa.

Ekuwa ba ta taɓa ƙwayoyinta ba. Ta ga kalmar da idonta a jerin kalmomin gasa, kuma haushin mutanen nan ya daɗe yana cin ta.

"Ticha, ka yi haƙuri, ina so in ga shafin."

Dokar kulob tana nan a rubuce, wanda aka kayar yana da ikon duba littafi, amma ba a taɓa samun marar kunyar da ya nema ba.

"Kun ji yaran yanzu," in ji Dadzie. "Mai ba da allura za ta duba aikin Ticha."

"Bar ta," in ji Ticha. "Zo, 'yata. Ga shi nan."

Ta zagaya bayan teburin. Yatsan tsohon yana kan shafin. Ta sunkuya, ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago sai suka haɗa ido da Anti Araba, wadda ta ajiye kwanon da ke cinyarta ta zuba mata ido ba ta ko ƙiftawa.

"To, Sista?" in ji Dadzie. "Ko a kawo miki tabarau?"

Ekuwa ta koma ta kwashe ƙwayoyinta huɗu ɗaya bayan ɗaya.

"Babu shi a ciki," ta ce. "Ticha ya yi gaskiya."

Dadzie ya gama wasan cikin minti biyu. Aka yi ta tafi, aka yi masa addu'ar ya je ya nuna wa mutanen Accra Turanci na asali. Ya ɗaga littafin aljihunsa sama kamar kofi. Har da yi wa Ekuwa nasiha, wai ta riƙa karatu. Ta ɗauki jakarta ta tafi tashar mota, ranta a ɓace, hawaye na neman kunyata ta.

Ba ƙarya ta yi ba, fufu ba ya cikin littafin nan. Turanci ma babu ko kalma ɗaya a ciki, domin Baibul ne na harshen Fante, kuma a juye yake. Tun shekara huɗu da suka wuce gara ta cinye ƙamus ɗin, Anti Araba ta naɗe nata Baibul ɗin ta miƙa wa mijinta, ta san ba zai gane ba, don tun kafin nan Ticha Amissah ya makance.